Mai Makulli a Ƙofar Wayar Malama

Idan ka taɓa ɓatar da makullin ɗakinka, ka tsaya a bakin ƙofa kana laluben aljihu kamar wanda cinnaka ya shiga wa riga, to ka san irin mutanen da ke zuwa wajen Mai Makulli. Rumfarsa tana bakin kasuwa, tsakanin mai ɗinkin takalma da mai sayar da bokitai. Teburi ɗaya ne a ciki, da injin yanka makulli wanda ya girmi autarsa, da magagari kala-kala, sai makullan da ba a riga an yanka ba rataye a ƙusoshi, suna kaɗawa duk lokacin da babbar mota ta wuce. A saman rumfar akwai allo mai cewa: ANA YANKA MAKULLI, ANA GYARAN K'OFA. Ɗan waƙafin nan da ke maƙale a bayan K ɗin, launinsa ja ne, sauran rubutun kuwa baƙi. Ku riƙe shi a zuciya, za mu dawo kansa.

Tun yana saurayi yake wannan sana'a, kuma jarinsa ba injin ba ne, amana ce. Mutum zai miƙa masa makullin gidansa ya tafi cefane, ya dawo ya karɓi biyu, bai taɓa tunanin an yanka na uku ba. Ra'ayinsa a kan tsaro gajere ne. Makulli abu ne mai nauyi, mai haƙora, ka rataya shi a ƙugu ka ji yana nan. In ya ɓata a yanka wani, in ƙofa ta yi gardama a lallashe ta da ɗan mai.

Sai ga shi zamani ya zo da makullin da ba a gani. Tir da wannan abu! Katin banki da lambarsa. Mitar wuta da tata, doguwa kamar layin asibiti. Waya da tata, kuma a cikin wayar kowane lungu da tasa kalmar. Ko gidan da autarsa ke haya a bene, ƙofar shiga babu ramin makulli, sai wani ɗan allo mai maɓallai. Ranar da ya fara zuwa, mutumin da ya buɗe ƙofofin rabin unguwa ya tsaya a rana yana danne-danne, maigadi na kallonsa ta wutsiyar ido kamar ya kama mai leƙen asiri.

Amma a wancan lokacin abin bai dame shi sosai ba, domin yana da Malama. Matarsa ce, malamar 'yan aji ɗaya har ta yi ritaya, kuma kanta rumbu ne. Duk lambar da duniya ta ƙirƙiro, a can take kwana. Yana tsaye gaban na'urar cirar kuɗi zai kira ta, "Malama, ta katin fa?" Ta faɗa masa, ta ɗora da cewa ya rage murya, ba shela aka sa shi ba.

Haɗuwarsu ma a kan kulle aka yi. Tana sabuwar malama ta zo rumfar da akwatin ƙarfe, makullin kwaɗon ya ɓata, takardun shaidarta duka suna ciki. Shi kuwa, da ganin budurwa, sai son burgewa ya motsa. Ya ɗauki 'yar siririyar waya ya lanƙwasa, ya zura, ya ɗan murɗa, kwaɗo ya ce ƙaras. Yana jiran yabo, sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai, da can ɓarawo ne?"

Ya ji haushi har kunnensa ya yi zafi. Haushin ne ya kai shi ƙofar gidansu, daga nan kuma aka yi aure. Sunan bai bar bakinta ba. Gaban mutane Maigida ne, gaban yara Babanku ne, amma da zarar an tura ƙofar ɗaki sai ta ce, "Ɓarawona, ka dawo?" Ya sha yi mata kashedi. "Malama, kalmar nan in ta fita waje ta cinye mini sana'a. Wa zai ba ɓarawo makullin gidansa?" Ta kiyaye. Shekara da shekaru, ko 'ya'yan da suka haifa ba su taɓa ji ba.

Ita ce kuma mai jan waƙafin allo. Mai fenti ya rubuta KOFA, aka rataya, kowa na sam barka. Ta zo wucewa daga makaranta ta tsaya cak. "Kofa? Mene ne kofa? Yaran da nake koya wa ƙugiyar harafi da safe su biyo nan da rana su ga mijina ya tsiraita ta?" Ta hau kan benci da jan fentin farce, ta ɗiga waƙafi a bayan harafin, tana mita. Wai harafi mai ƙugiya, in babu halin lanƙwasa masa kai, to a goya masa waƙafi a baya, kada a bar shi haka.

Bayan ritaya ta gano saƙon murya, shi ke nan Mai Makulli ya shiga uku. Yana tsakiyar yanka makulli waya za ta yi ƙara. Ka sha maganin hawan jininka? Ka biyo da sabulu. Famfon bayan gida ya sake ɗiga, ko sai na kira wani mai gyara ka ji kunya? Yakan yi tsaki ya ce mata ba su da aiki, amma bai taɓa goge ko ɗaya ba.

Ciwon da ya ɗauke ta bai yi dogon zama ba. A gadon asibiti ta sa Auta, wato 'yarsu ta ƙarshe, ta zauna, ta karanta mata lambobin gidan ɗaya bayan ɗaya kamar mai ba da darasi. Da ta gama ta juyo gare shi. "Wayata kuwa sunanka na sa mata. Ko ka manta komai, ai ba ka manta sunanka ba." Ya ce ta daina irin wannan magana, ba ya so. Bayan 'yan kwanaki aka kai ta makwancinta, Allah ya jiƙanta. Wayar ya naɗe ta a ɗankwalinta ya tura ƙasan durowa, don ko ganinta ba ya iyawa.

Daga nan ne ya san rumbun da ya rasa. Auta ta ce dole a canza komai, tunda an faɗi lambobin a ɗakin da ke cike da mutane. Suka zauna ranar hutunta, ita da wayar a hannu, shi da tabarau a karan hanci.

"Baba, wannan kalma suke so, ba lamba ba. A sa babban baƙi, da ƙaramin baƙi, da lamba, da alama."

"Alamar me? Alamar tashin duniya?"

Ya ba da kalma. Wayar ta ce ba ta da ƙarfi. Ku ji fa! Dattijo mai jikoki, wanda kasuwa guda ke karɓar maganarsa ba rantsuwa, wai kalmarsa ba ta da ƙarfi. Ya ba da wata, aka ce ta yi kama da ta baya. Da ƙyar aka samu wadda ta gamshe su, kalmar da ko mahaukaci ba zai furta ba, sai kuma aka ce an turo wata lambar ta saƙo, a shigar da ita maza. Kafin ya nemo saƙon ta mutu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ranar da aka jera masa hotuna aka ce ya nuna masu keke a ciki, don a tabbatar shi mutum ne. Na'ura ce fa ke sa shi rantsuwa cewa shi ba na'ura ba ne. Ya tofar da yawu ya ce Allah wadaran wannan zamani.

Auta ta hana shi rubutawa a takarda, don haka ya yi dabarar da ta dace da hannunsa. Kowace lamba ya ɗauki makullin da ba a yanka ba, ya zana ta a jikinsa da bakin ƙusa, ya zura a zobe. Ga na kati, ga na mita, ga na ƙofar Auta, ga na wayarsa. Ya ji sanyi a ransa, ko banza yanzu sirrin yana da nauyi. To amma banki ba ya barin mutum ya huta. Lokaci-lokaci sai a ce a canza, sai ya goge da magagari ya sake zanawa, zobe ya yi ta nauyi har yana jan wandonsa gefe guda.

Wata ranar kasuwa ya zare makullin wayar ya duba lamba, ya ajiye a kan teburi. Sai ga wani direba a gurguje, motarsa na tare hanya ana yi masa hon, yana son kwafin makullin gida. Hannu ya riga tunani. Mai Makulli ya ɗauki wanda ke kusa, ya ɗora a inji, ya fitar masa da haƙora, ya miƙa. Sai da direban ya ɓace a cikin motoci sannan ya ga abin da ya yi. Lambar wayarsa ta tafi buɗe ƙofar wani gida da bai san inda yake ba.

Ya kai wayar layin masu gyara, wajen wani da ake kira Injiniya, mutum mai tumbi da abin jin kiɗa a kunne ɗaya. Injiniya ya juya ta ya ce, "Baba, sai dai a wanke ta."

"To wanke ta mana."

Shi a saninsa, abin da aka wanke datti ne ke fita. Ba wanda ya ce masa har da muryar Malama. Da ya koma rumfa ya laluba inda saƙonninta suke, ya tarar da fili fetal. Ya zauna a kan benci, bai yanka makulli ko ɗaya ba har aka tashi kasuwa. Mai ɗinkin takalma ya ce bai taɓa ganin mutum ya tsufa a wuni guda ba sai ranar.

Auta ce ta tuna masa cewa duk saƙon da aka tura, yana nan a wayar wadda ta tura shi. Aka ciro wayar daga ɗankwali aka yi mata caji. Ta kawo haske, ta nemi kalma.

"Ai ta ce sunanka ne," in ji Auta, ta rubuta sunansa na yanka. Wayar ta girgiza ta ƙi. Ta gwada Maigida. Ta gwada Mai Makulli, a haɗe da kuma a rabe. Ta gwada Baban Auta. Kowane kuskure sai wayar ta ƙara musu lokacin jira, kamar ma'aikacin da ya ga kana sauri. Shi kuwa yana zaune yana kallon silin, ya san sunan tun daga asibiti. Amma ta yaya uba zai buɗe baki gaban 'yarsa ya ce uwarki ɓarawo take kirana? Ya bar ta tana ta ɓarnar gwaji, har wayar ta fito da gargaɗi: an kusa ƙure ta, in aka ci gaba da kuskure za ta share duk abin da ke cikinta. Wai don tsaro. Tsaron wa? Mai wayar tana kabari, mijinta ne a bakin ƙofa!

Washegari da safe, shi kaɗai, ya tura ƙofa ya sa tabarau. Da yatsa ɗaya, a hankali, ya rubuta barawona. Wayar ta girgiza ta ƙi.

Wannan ƙin ya fi duk na baya ciwo. Ashe ba shi ba ne? Ashe akwai wani sunan da take kiransa da shi a ranta wanda bai sani ba? A ƙasan allon an rubuta saura gwaji biyu. Ya naɗe wayar ya kira Auta, ya ce ta same shi wajen Injiniya, ko akwai wata hanyar ta baya. A sana'arsa dai kowace ƙofa tana da ita.

Layin masu gyara ya cika maƙil, kowace rumfa da nata kiɗan, janareta na ta ruri. Injiniya ya ce babu wata hanya, ko kalma ko wanki. "Baba, ka yi tunani. Babu wani suna na cikin ɗaki? Irin na tsakaninku?"

Mai Makulli ya dubi Auta, ya dubi ƙasa. Ana kukan targaɗe ga karaya na shirin zuwa, kunyar me kuma ta rage? Ya sunkuya ya faɗa a hankali.

"Me ka ce?" Injiniya ya zare abin kunnensa.

Ya sake faɗa.

"Ɓarawo?" Injiniya ya kwarara da ƙarfi don ya rinjayi janareta.

Kai jama'a! Kun san abin da kalmar nan ke yi a kasuwa. Kiɗa ya tsaya. Kawuna suka juyo. Wani mai sayar da caja ya tsallako teburinsa da sanda a hannu yana tambaya, "Ina yake? Wanne ne?" Kafin ka ce kwabo an kewaye rumfar, kuma duk idanu a kan dattijon da ke riƙe da wayar mace naɗe a ɗankwali, ga zoben makullai jingim a ƙugunsa. Abin da ya yi rayuwarsa yana gudu, ga shi ya same shi da rana tsaka, a dalilin wata 'yar kalmar sirri. Sai da Auta ta shiga gabansa ta ɗaga murya. "Mahaifina ne! Wayar mahaifiyata ce, ta rasu!" Wani ya gane shi ya ce ai Mai Makulli ne na bakin kasuwa. Aka sauke sanda, aka shiga ba da haƙuri, amma ba wanda ya tafi. Mutane da son kallo.

Auta ta juyo, dariya da hawaye suna kokawa a fuskarta. "Baba, haka Mama ke kiranka?"

"Na riga na gwada," ya ce, muryarsa a dushe. "Ta ƙi."

"Yaya ka rubuta?"

"Kamar yadda ake rubutawa mana. Ba, ra, wo, na."

"Da b ɗin wayar? Haba Baba. Mama ce fa. Matar da ke mayar mini da saƙo in gyara in na rubuta daki a maimakon ɗaki. Wayarta ba ta da masu ƙugiya, amma ba ta taɓa barin harafi tsirara ba."

"Ai shi ke nan, an gama," in ji Injiniya. "Waƙafi ne. A gaba ake sa shi, haka kowa ke yi." Kafin wani ya ce tsaya, yatsunsa sun riga sun rubuta 'barawona sun danna. Wayar ta girgiza. Saura gwaji ɗaya.

Mai Makulli bai zage shi ba. Hannu kawai ya miƙa ya karɓe wayar. Da siririyar waya ya buɗe akwatin Malama ranar farko, yau ga waya ta tsare masa ita. Ya rufe ido, sai ya gan ta a kan benci, ƙafa ɗaya a ɗage, kwalbar jan farce a hannu, tana mita. A goya masa a baya. Kowa na iya sawa a gaba, Malama ba kowa ba ce.

Ya danna b. Ya nemi waƙafin, Auta ta nuna masa da farce ba tare da ta taɓa allon ba. Ya goya shi a baya. Ya ƙarasa sauran haruffan ɗaya-ɗaya, ya duba, ya sake dubawa, ya yi bisimilla ya danna.

Babu ƙaras, babu komai. Allon kawai ya zame, sai ga hoton jikokinta.

Auta ta buɗe wajen saƙonni, ta taɓa na ƙarshen da aka tura masa kafin asibiti. Ƙarar wayar a ƙure take, don Malama ta ɗan rasa ji a ƙarshe. Muryarta ta cika rumfar, tar, da ɗan haki, ana jin famfo na ɗiga a bayanta.

"Ɓarawona, ka sake barin makulli a jikin ƙofa. Mai gyaran ƙofar mutane, tasa a sake! Na zare na ajiye. In ka dawo ka ƙwanƙwasa, ina ciki."

Duk layin ya ji. Mai sanda ya sunkuyar da kai ya koma teburinsa. Mai Makulli bai rage ƙarar ba, bai kuma share fuskarsa ba.

Can Injiniya ya yi gyaran murya. "Baba, tunda ta buɗe, kawo in cire maka kullen gaba ɗaya. Ka huta da wahalar kalma."

Mutumin da ya tsine wa kowace lamba da kowace kalmar sirri a duniya ya janye wayar ya manna a ƙirji.

"Bar ta," ya ce. "Ai ta ce in ƙwanƙwasa."